Na Je Sayen Mota da Dillalin Shanu

Gara in faɗi wautata da bakina kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin da ya tashi sayen mota, ga kanikawa cike da Njamena, amma ya tsallake su duka ya ɗauki dillalin shanu ya duba masa. Ban taɓa riƙe sitiyari ba. Bokona bai wuce ɗan abin da na tsinta a ajin manya ba, shi ma rabinsa gyangyaɗi na yi. Shekara arba'in ina sayar da goro a unguwar Marjandafak, in ka sa mini ƙwaya ɗaya a hannu ido rufe zan gaya maka ƙasar da ta fito. Sai na ɗauka mota ma haka take. Tunda na dawo duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Alhaji, ina motar?" To, ga amsar, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Autata tana aure a Tukra, can bayan gari, mijinta mai lambu ne. Bara, a cikinta na fari, naƙuda ta zo mata kafin lokaci ana tsakiyar damina, aka nemi abin hawa aka rasa. A amalanke aka turo ta har bakin kwalta. Kafin a isa asibiti ɗan ya koma. Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta, kuma har yau hannuwana ba su manta da rashin nauyinsa ba. Bana da ciki ya shiga wata na tara, uwarta ta ce a ɗauko ta yanzu ta zauna a gabanmu, tunda daga gidanmu zuwa asibiti ko da ƙafa an isa. Gaskiya ta faɗa. Amma ni na riga na sayar da ɗan filina na unguwar Kilemat, kuɗi suna ɗumama mini cinya. Na je Tukra da kaina na ce wa yarinyar, "Kada ki shiga taksin kowa. Kwana huɗu zan yi. A motar ubanki za ki zo gida." Ta sunkuyar da kai ta ce to.

Mun kama hanyar Maiduguri ana fitowa daga sallar asuba, ni da aminina. Shi ne dillalin. Shekara talatin yana kasuwar dabbobi ba a taɓa sayar masa da sa mai tari ba, kuma ko gidan biki zai je da sandarsa da igiyarsa yake zuwa. Hankalina ya ce mini wanda Fulani ba su iya cuta ba, ai mai sayar da ƙarfe ba zai iya ba.

Gadar Ngeli, wadda ake tsallakawa daga Njamena zuwa Kuseri, ta riga ta cika. Mata da sukari da sabulu a ka, masu keke da jarkoki an ɗaure har ba ka ganin mutumin, sai ƙafafu biyu suna juyawa. A tashar Kuseri muka shiga wata tsohuwar mota mai dogon baya, mu tara da akuya. Direba ya murɗa mabuɗi, shiru. Duk muka fito muka dafa ta, muka ruga da ita, ya jefa giya, ta yi tari ta kama. Ku da kuke garin nan kun san turi yana cikin kuɗin mota. Tun ina yaro ban taɓa ganin motar da ta ƙi tashi bayan maza biyar sun sa mata kafaɗa ba.

Daga Kuseri zuwa Fotokol ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, baƙar laka duk ta tsattsage, sai ƙaya jefi-jefi. Aminina ya leƙa sama ya ce hadari na haɗuwa a gabas. Na ce masa ya kula da shanunsa. A kowane shinge na miƙa goro biyu, wani ya karɓa ya yi dariya, wani ya karɓa ya ce saura. A Gamboru, da muka tsallaka iyaka, na canza sefa zuwa naira, nan na fara razana. Na ba mutum abin da ya shiga aljihu ɗaya, ya ba ni abin da sai da na juye buhun goro na zuba. Cikin minti goma na zama attajiri, har tafiyata ta canza. Muka ci shinkafa da banda a wata rumfa, kwano cike, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi biyu a gida ba. Fetur kuwa a kwalabe a bakin hanya, araha kamar ana roƙonka ka ɗauka.

Mun shiga Maiduguri da la'asar, muka sauka wurin wani ɗan unguwarmu da ya koma can da zama. Aka kawo mana burabusko da miyar kuka mai man shanu, na ci har na kasa sunkuyawa in cire takalmi.

Washegari aka kai mu inda ake sayar da 'yan Kwatano, wato motocin da Turawa suka gaji da su aka sauke a bakin teku aka koro su arewa. Na tsaya baki buɗe. Layi bayan layi, sun fi motocin da ke yawo a unguwarmu har da na maƙwabta. Wasu da takardun makarantar yara a ƙarƙashin kujera, wata har da takalmin jariri a but. Ashe akwai ƙasar da ake zubar da irin wannan.

Idona ya faɗa kan wata 'yar ƙarama mai ƙofa huɗu, ruwan toka, kujerunta kamar ba a taɓa zama ba. Aminina ya tattare hannun riga. Ya zagaya ta sau uku. Ya mari ƙugunta ya saurara. Ya danna bayanta ya ga yadda ta ɗago. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya sa yatsa a salansa ya sansana. Ya sa aka buɗe bonet, ya daɗe yana kallon ciki kamar mai ƙirga haƙora, ni kuma na san bai san sunan ko abu ɗaya a wurin ba. Sannan ya ce a ja ta ya ga tafiyarta. Aka zaga fili da ita. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ba a yi noma da ita ba."

Da ya leƙa wurin ƙafar direba sai fuskarsa ta canza.

"Ina ta ukun?" in ji shi. "Kowace mota abin takawa uku gare ta. Wannan biyu."

Mai motar, wani saurayi mai tsabta da agogon zinariya, ya ce, "Baba, otomatik ce. Ita ke sa wa kanta giya. Totur da birki kawai. Ko Alhaji da kansa zai tuƙa ta cikin kwana biyu."

"Ni dai a sana'ata, abin da ya rasa ƙafa ɗaya ragi ake yi masa."

Wallahi sai da ya sa aka yi ragin. Na fita daga wurin ina jin ba a taɓa yin mai wayo irina ba: ga mota mai tunani da kanta, ga ragi. Ba mu tambayi komai game da ita ba, shi ma saurayin bai ga dalilin yi wa dattawa biyu masu furfura karatu ba. Aka yi sallama, aka shafa fatiha. Takardu suka cinye rana ta uku.

Muka ɗauki direba a tasha, wani dogo mai tsagen Barebari da ya ce babu motar da bai tuƙa ba tsakanin Kano da Abeshe. Yana shiga, ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci ta sami birki. Goshina ya gaisa da gilashi. Ya ce gwaji yake yi. Kafin Dikwa ya gwada sau huɗu, daga nan ya naɗe ƙafar a ƙarƙashin kujera kamar mai zaman tahiya, muka sami lafiya. Kuma gaskiya motar tana tafiya kamar ana zuba mai a faranti. Ga sanyi yana fitowa ta wasu ƙananan tagogi. Ga gilashi, ka danna maɓalli ya sauka, ka danna ya hau. Na yi ta dannawa har Gamboru.

A kan iyaka aka riƙe mu yini guda ana buga hatimi a kan hatimi. Rana ta huɗu ke nan, ranar da na ce zan iso. Na shiga wani shagon waya in kira maƙwabcinmu mai tarho, aka yi ta bugawa layi bai shiga ba. Na ce ba komai, gobe da hantsi ina Tukra.

Mun bar Fotokol da safe, ba mu yi nisa ba sama ta buɗe. Wannan baƙar lakar da na ce muku, in ta sha ruwa sabulu ce. Muka lallaɓa har wani ƙauye inda aka gitta ƙarfe a hanya. Shingen ruwan sama ke nan: ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta bushe, kada manyan motoci su kwaɓe hanyar. Mun tarar da layi, motocin siminti, na albasa, na buhunan gari. Mai tsaron shingen ya ce wataƙila gobe, in Allah ya kawo rana.

Kwana biyu muka yi a wurin, kuma a nan na yi aikin da ya kashe ni. Matan ƙauyen suna kawo kisar, wata siririyar waina mai faɗi, da miyar kuɓewa da shayi mai sukari kamar zuma, kuɗin kuwa kullum sai ya ƙaru, don sun san ba inda za mu. Mutane sun gaji, ba abin yi. Ni kuma ga ni da sabuwar mota. Na sa direba ya murɗa mabuɗi rabi, na saka kaset ɗin wa'azi, aka taru. Wa'azi ya ƙare na saka na kiɗa, aka ƙara taruwa. Duk wanda ya zo sai na nuna masa gilashi. Wani tsoho Balarabe Shuwa ya ce in sake, na sake. Ya tafi ya kirawo 'yan'uwansa. Ban kunna inji ba ko sau ɗaya, wai ina tattalin mai. Direba ya ce, "Alhaji, batir fa." Na ce motar da ke sa wa kanta giya ba za ta rasa dabarar batir ba.

Da yammacin rana ta biyu muryar mai waƙar ta fara kauri, ta ja, ta ja, ta mutu. Gilasai huɗu duk suna ƙasa. Na danna, na danna. Sai ga yayyafi. Muka cire manyan rigunanmu muka toshe tagogi, aminina yana riƙe da ɗaya da haƙori yana zagina ta gefen baki.

Rana ta bakwai gari ya waye tas, aka ɗage ƙarfe. Ban damu ba ko kaɗan. Batir ya mutu, sai me? Na yi kira, kuma saboda kaset ɗin da na sha saka musu, maza sun fi ashirin suka taso. Aka dafa 'yar motar nan, aka ruga da ita kamar za a jefa ta Kuseri. Direba ya ja giya. Ko tari ba ta yi ba. Aka sake. Aka sake. Aka ce gudun ne bai isa ba, aka ƙaro mutane, har mai tsaron shingen ya ajiye hularsa ya shigo. Mun tura motar nan har ƙauyen ya ɓace a bayanmu. Mutane suka tsaya suna haki, laka har gwiwa, suna kallonta, suna kallona. Ni kaina tsoro ya kama ni. Shekara sittin da wani abu ina ganin ana tura mota tana tashi, yau ga wadda maza talatin suka yi wa taron dangi ta yi shiru kamar dutse. Balaraben nan ya matso ya ce mini a hankali, watir ɗin nan, wato motar, akwai abu a cikinta, in nemi malami.

Wani direban motar siminti ya ji tausayina ya ce zai ba ta wuta daga tasa. Ya kawo wayoyi masu kauri ya haɗa da batiransa, manya biyu a jone, kowanne ya kai akwatin amarya. Aka ce direbanmu ya murɗa. Wani abu ya yi ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin sitiyari, wari kamar ana babbakar kai. Mai siminti ya naɗe wayoyinsa, ya ce Allah ya kyauta, ya ja motarsa.

A lokacin babura suna wucewa, masu ɗaukar mutum har Kuseri. Aminina ya ja ni gefe.

"Kai, tsohon banza, hau babur ka tafi. Ni zan zauna da ita. Yau kwana bakwai, yarinya na jiranka."

"In shiga Tukra a bayan babur? Bayan na ce mata a motata?"

"Ita motar ce za ta haihu ko 'yarka?"

Na ce uwarta na nan, ai ba za ta zuba ido ba, ta riga ta ɗauko ta. Haka na faɗa, kuma na so in yarda. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Na hango 'yan rumfar goro suna tambayata, na hango murmushin uwargida. Na zauna.

Sai rana ta tara muka sami mai motar albasa da ya yarda ya ja mu. Nan igiyar aminina ta yi rana. Ya yi mata ɗaurin da yake yi wa bijimi mai faɗa, kuma in faɗi gaskiya, a duk tafiyar nan wannan ɗaurin ne kaɗai aikin da aka yi daidai. Yini guda ana jan mu, tagogi a buɗe, laka daga tayoyin babbar motar tana shigowa tana zama a kan kujerun da ba a taɓa zama ba. Wani ƙauri yana tasowa daga ƙasa, muka ce na albasa ne.

A Kuseri aka nuna mana wani bakanike dattijo da aka ce ya yi aiki da Turawa. Da safe ya zo ya saurari labarinmu tun daga kaset, bai katse ni ba. Ya buɗe wani ɗan akwati, ya zaro wani abu da bai kai ɗan yatsana ba, ya sa sabo, ya ɗora batirinsa. Mota ta tashi. Na kusa rungume shi. Ya sa giya, inji ya yi ta kuka, mota ba ta motsa ba. Ya zaro wani ƙarfe siriri ya sansana, ya miƙo mini. Ƙaurin jiya ne.

"Alhaji, irin wannan ba a tura ta, ko garin nan duka za su taru. Ba a ba ta wutar babbar mota. Kuma ba a jan ta da nisa tayoyin gaba a ƙasa, giyar ke ƙonewa. Abu uku ne ba a yi mata, kun yi duka, kuma a jere. Da kun bar ta inda take kun zo kun kira ni, da shayi kawai za ku saya mini."

Ya ce giyar sai an aiko daga Kano, in an samu. Aminina ya cire hula ya share fuska ya ce shi dai tun farko ya faɗa, ƙafa biyu ba lafiya ba ce.

Na sallami direba, na bar motar a ƙarƙashin wata bishiyar maina, na tsallaka gadar Ngeli da ƙafa, buhun goro babu komai a kafaɗa. Rana ta goma.

Gidana a kulle. Matar maƙwabci ta leƙo, ba ta ko yi mini sannu da zuwa ba, ta ce, "Suna asibiti tun shekaranjiya." Ban san yadda na isa ba. Na tarar da uwargida a baranda a kan tabarma, da kwanuka da fulas. Ta dube ni daga hula har laka. Ba ta tambayi mota ba. Ta ce sau uku tana ɗaukar taksi har Tukra, sau uku yarinyar na ƙin shiga, wai Baba ya ce ta jira shi. Mijin ya yi magana, ta yi kuka, ya ƙyale ta. Rana ta takwas da hantsi naƙuda ta zo da jini. Motar da ke kwasar kayan lambu ce ta kawo ta, a kwance a kan buhunan kuɓewa. Sai da aka yi mata aiki, mijin da ƙanensa suka ba da jini. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da ba wannan maganar ake yi ba.

Na zauna a ƙasa a gefen tabarmar. Uwargida ta zuba ruwa a kofi ta ajiye a gabana, ba ta miƙo mini a hannu ba.

Mace aka samu, tana da rai, tana da lafiya, ga gashi. Motar tana Kuseri har yanzu, kaji sun gane ta. Wanda zai je sayen 'yar Kwatano ya tafi da bakanike, ya bar dillali a kasuwarsa, ya leƙa ya ƙirga abin takawa, in biyu ne ya tambayi abin da ba a yi mata. Wannan karatun mai sauƙi ne, fili ɗaya kawai ya ci mini. Mai tsadar shi ne, ni na saba faɗin magana a rumfa a yi dariya a watse, ban san akwai wanda ke ɗaukar maganata ya riƙe ta da ransa ba.

Da aka bar ni na shiga, tana kwance, fuskar ta faɗa, leɓɓan sun bushe, jaririyar a gefenta. Na tsaya a bakin gado. Ita ta fara magana. Ta yi ƙoƙarin gyara ɗankwali ta ce, "Sannu da hanya, Baba. Ka sha wahala. Ni kullum da sassafe nake wanka in fito da jakata bakin ƙofa, don kada ka zo ka yi ta jirana."